Ƙota Ce

A bencin jiran likita, wani tsoho ya miƙe ƙafarsa da aka ɗaure da tsumma. Matar da ke kusa da shi ta dubi jinin da ya bushe a jiki.

"Sannu Baba. Fartanya ce?"

"Ƙota ce ta kwance, ruwan fartanyar ya fice," in ji shi. "Maƙeran yanzu ba su iya aiki ba. Shekara hamsin ina noma, ƙarfe bai taɓa shan jinina ba."

"Allah ya sawwaƙe. Mahaifina ma haka ya ce mana, ƙota. Da muka je gonar sai muka tarar ya nome shukar kunya uku, ya bar ciyawa a tsaye. Ashe ido ne."

Tsohon ya murza hularsa.

"Da kuka gane, me kuka yi?"

"Muka ɓoye fartanyar. Tun daga ranar yake zaune a ƙofar gida."

Tsohon ya rage murya. "'Yata, ga ɗana can tafe, mai farar riga. A bar maganar a ƙota."

Ta dubi mai farar rigar. Likita ne.

"To Baba," ta ce, "ƙota ce."