Sawun da ke bayan dutse

A rumfar allunan sulun ƙanƙara a Ukaimidan, wani ƙauye da ke kan dutsen da ƙanƙara ke lulluɓewa, wata budurwa ta ɗauki dogon allo mai faɗin goshi. Wani dattijo mai alfadari ya tsoma baki.

"'Yata, ajiye wannan. Na masu shiga ƙanƙarar da ba a taka ba ne. Ɗauki gajeren."

"Shekara uku ina shan ƙasa da gajeren, Baba. Ya isa."

"Wa ya ce kin iya?"

"Ka ga sawun can da ya gangaro ta bayan dutse?"

"Na wani Bafaranshe ne. Tun safe nake ba da labarinsa."

"Nawa ne. Da allon aro ma!"

Dattijo ya daɗe yana kallon dutsen.

"Ɗauki dogon, 'yata."

"Na ɗauka. Kai kuma je ka gyara labarin."