Waɗanda Suka Amsa wa Ishawu

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban ƙungiyar Hausawan unguwar Deira ta nan ƙasar Larabawa, Alhaji Ɗalhatu, malamanmu, iyayenmu mata, 'yan kasuwar Kano da 'yan'uwanmu na Zangon Kumasi, ina gaishe ku baki ɗaya. Na gode da kuka ba ni dama, ko da yake ba daɗin baki na kawo muku ba.

Da farko, na daɗe ina haɗa kaya a kasuwar Murshid Bazaar da Turawan gabas, har kunnena ya saba da yadda suke amsa magana. Mutumin Rasha da na Sabiya "da" suke cewa, na Foland da na Yukren su ce "tak", duka dai "to" ke nan, in abu ya kwanta musu su ƙara da "dobro" ko "dobre", wato da kyau. Kalma 'yar guntuwa, fuska a murtuke, ba gaisuwa, ba tambayar iyali. Mu kuwa sai dariya, wai ba su da ladabi.

Na biyu, kun san Ishawu, ɗan Kumasi, mai loda mana kwantena. Lokacin da na je Kano kamfaninsu ya ce katan-katan sun ɓace a hannunsa, aka sa ranar bincike, aka ce ya kawo wanda ya ga lodin. Mutanenmu ne suka tsaya aka loda, a gabansu aka rufe. Ya bi ku shago-shago, kuna ce masa, "To, habibi, masoyina, in sha Allahu, kada ka damu." Har da dafa kafaɗa!

Ya roƙi Oksana, 'yar Yukren mai sarin yadi, ta ce "tak", ko kai ba ta ɗago ba. Ya roƙi Goran, direba ɗan Sabiya, ya ce "da".

Da ranar ta zo, Oksana ta je, Goran ya je, amma ba su ga lodin ba, halinsa kaɗai suka iya shaida. Waɗanda suka gani fa? Wannan ya tafi garin Sharja, wancan wayarsa a kashe. Aka soke bizar Ishawu, halas, shi ke nan, ranar Alhamis zai tashi zuwa gida.

Wallahi abin ya ƙona min rai. Da a'a kuka ce masa, da ya nemi wata hanya. Kun ji kunyar ce masa a'a, ba ku ji kunyar barinsa shi kaɗai ba.

Jiya na tambaye shi wa zai kai shi filin jirgi. Ya ce, "Alhaji, mutanenmu da yawa sun ce to. Shi ya sa na kira Goran."

Allah Ya kai Ishawu gida lafiya, Ya musanya masa da mafi alheri. Allah Ya yi wa taron nan albarka, Ya ba mu ikon cika abin da bakinmu ya amsa. Na gode.