Shirun da Ya Dawo Mini da Murya

Ina gaishe ku duka a cikin sunan Yesu Almasihu, wanda yake jin mai ihu, yake kuma jin wanda ko tari ba ya iyawa. Salama a gare ku, 'yan'uwa.

Sunana Bitrus, amma in ka shigo unguwarmu ta Dutse Alhaji a Abuja kana neman Bitrus, sai ka wuni kana yawo. Ka ce Lasifika, ko akuyar unguwa za ta raka ka ƙofar gidana. Fasto ne ya ce in rubuta wannan shaida a jaridar ikkilisiya maimakon in tsaya a gaba in faɗa da baki, wai in aka miƙa mini makirufo, sai Zumuntar Mata sun ɗora tukunyar tuwon dare a harabar coci. Ban yi masa musu ba.

Ranakun aiki ni direba ne a wata ma'aikata. Ranar Asabar kuwa ni ne sanƙiran biki, abin da yaran yanzu suke ce wa emsi. Daga Bwari har Lugbe, da wuya a sami amaryar da ban sa ta dariya ba har kwalliyarta ta zube. In aka ɗauke wuta a wurin biki, ba a damuwa da tayar da janareta, ni ake turawa gaba. Matata Saratu takan ce ranar da na zo neman aurenta a Ushafa, tun ina kan hanya iyayenta suka ji gaisuwata suka shimfiɗa tabarma.

Haka kuma nake a addu'a. Kun san lokacin da fasto yake cewa kowa ya ɗaga murya ya yi addu'a? To, wannan lokacin nawa ne. Sai na ji kwanon rufin coci yana amsawa kafin in yarda addu'ar ta tashi. A raina, bangaskiya ƙarfin maƙogwaro ce. In na ga mutum ya sunkuyar da kai yana motsa leɓe kawai, sai in ce bawan Allah, taka addu'ar ko silin ba za ta wuce ba.

Sai ga shi bara, da damina ta kankama, muryata ta fara dishewa. Na ce mura ce. Na sha citta da zuma, na sha lemon tsami, na sha kanumfari har numfashina ya koma kamar shagon mai kayan yaji. Malam Sani mai shayin bakin layinmu, mutumin Katsina, kullum sai ya haɗa mini nasa haɗin ya ce, "Oga Lasifika, sha wannan, unguwa ta yi shiru da yawa, har tsoro nake ji." Na sha. Muryar sai ƙara nutsewa take yi, kamar rediyon da batirinsa ya kusa ƙarewa.

Da Saratu ta gaji da gardamata, ta sa ni gaba har asibiti. Likitan maƙogwaro ya zura mini wata 'yar siririyar na'ura mai fitila, ya duba, ya yi ɗan shiru. 'Yan'uwa, shirun likita ba shi da daɗi. Ya ce akwai ɗan tsiro a daidai wurin da murya take fitowa, dole a yi aiki a cire shi, a kai gwaji a ga ko na ciwon daji ne ko ba shi ba ne. Ya ce kafin aikin da bayansa, sai in kama bakina gaba ɗaya. Ba ihu, ba waƙa, ba raɗa ma, domin raɗa ta fi wahalar da wurin. Ya ce in na ci gaba da matsa wa maƙogwaron, ina iya rasa muryar har abada.

Ni, Lasifika, a ce in yi shiru! Saratu ta tambayi likitan ko zai iya rubuta wannan umarnin ya zama na shekara guda. Ta yi dariya, amma na san ba ta kai zuci ba.

Ga kuma abin da ya fi ci mini rai. An riga an sa ranar auren 'yarmu ta fari, Rifkatu, a watan Kirsimeti. Kun san wurin nan a ɗaurin aure da fasto yake tambaya wa ya ba da wannan yarinya aure, uba ya miƙe ya amsa. Na ga iyaye maza da yawa sun amsa wannan tambaya, na yi musu ba'a daga baya a wurin liyafa, na kwaikwayi yadda muryarsu ta yi rawa. Tun Rifkatu tana goye nake jiran nawa lokacin. Yanzu ga shi ya zo, ni kuwa ko kiran kaza ba na iyawa.

Me na yi? Na koma gida na ce ba za a taɓa mini wuya da wuƙa ba, addu'a ce za ta narkar da wannan tsiro. Addu'a kuwa a wurina kun san yadda take. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na fara ihu da ragowar muryar da nake da ita. Na je taron addu'a na Laraba na yi ihu. Na hau dutsen bayan unguwarmu da sassafe na yi ihu, har ƙadangaru suka bar mini wurin. Abin da yake fitowa kuwa kamar ana jan tsohon buhu a kan siminti. Kullum na gama sai in taɓa wuyana in gwada cewa Haleluya, in ji ko an amsa. Ba a amsa ba. Sai in ce ƙarfin ne bai isa ba, gobe in ƙara.

Wata safiya na tashi na buɗe baki zan gai da Saratu, iska kawai ta fito. Babu ko ɗigon sauti.

Ranar ce Rifkatu ta zo ta durƙusa kusa da kujerata. Ta daɗe tana wasa da bakin zanenta kafin ta ce, "Baba, kada ka damu da maganar coci. Na yi magana da Baba Yohanna, ya ce in ba ka iya ba zai amsa a madadinka." Yohanna ƙanena ne, mutumin kirki, ba shi da laifi. Yarinyar ma don ta sauƙaƙa mini ta faɗa. Amma ji na yi kamar an cire ni daga hoton gidana. Na gyaɗa mata kai, na yi murmushi. Da ta fita, hawaye suka zubo mini, kukan ma babu sauti.

A zuciyata na fara cewa Ubangiji ya juya mini baya. In da ƙarfin murya ake samun amsa, ni yanzu ba ni da abin da zan kira shi da shi.

Asabar ɗin da ta biyo, tunda ba mai gayyatar sanƙira bebe, Saratu ta ce in kai ta Ushafa ta gai da mahaifiyarta. Mama tsohuwa ce mai ginin tukwane, Hausarta a cakuɗe da Gbagyi, kuma tana cikin mutanen nan da nake raina addu'arsu. Shekara da shekaru ban taɓa jin abin da take faɗa wa Allah ba, leɓenta kawai nake gani.

Mun same ta a bayan gida tana zagaya wata tukunya da take ginawa, hannunta duk yumɓu. Na durƙusa na gaishe ta da hannu. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce yau dai kajinta za su yi ƙwai cikin kwanciyar hankali. Saratu ta kwashe labari duka ta faɗa mata: maganar likita, ƙin aikin da na yi, hawan dutse, har batun Yohanna. Ni kuwa ina zaune a kan kujerar tsugunno, ba halin in kare kaina. Wannan ma wata jarraba ce, a yi ƙararka a gabanka kana ji.

Mama ba ta daina aikinta ba. Ta tambaye ni ko na roƙi Allah ya warkar da ni. Na gyaɗa kai da ƙarfi. Ta tambaya ko ina tsammanin bai ji ba a karo na farko. Na tsaya, ban gyaɗa ba, ban girgiza ba.

Sai ta nuna mini wasu sababbin tukwane da ta jera a inuwar rumfa. Ta ce in ta gama gini takan ajiye su nan su sha iska, ba ta zuwa kowace safiya ta danna su da yatsa don ta ga ko sun bushe, in ba haka ba duk sai su lotse. Sannan ta share hannunta a zane ta ce, "Baban Rifkatu, ka roƙa, ya ji. Ya aiko maka da likita, ya aiko maka da hutu, kai kuma kana tsaye a ƙofa kana ta ihu a kawo, a kawo. Da wane hannu za ka karɓa? Yi shiru ka karɓa."

'Yan'uwa, na sha jin wa'azi a rayuwata, wasu ma ni na fassara su daga Turanci a kan bagade. Amma wannan maganar ta shige ni har ƙashi. Ashe duk ihun nan da nake yi ba bangaskiya ba ce, tsoro ne. Ban yarda ya ji ni ba, shi ya sa nake ta maimaitawa da ƙarfi, kamar mai buga ƙofar gidan da yake zaton babu kowa a ciki.

A nan kan kujerar, tsakanin tukwane da kaji, na buɗe tafin hannuwana a kan gwiwa, na rufe bakina, na yi addu'ar farko a rayuwata da maƙwabci bai ji ba. Na ce a zuciya: Uba, ka ji ni tun ranar farko. Na gode. Na karɓi warkarwarka ta hanyar da ka zaɓa, ko da ta hannun likita ce. In ka dawo mini da murya, taka ce. In kuma hannu zan ɗaga a ranar auren 'yata, zan ɗaga shi da godiya.

Ba a yi tsawa ba, ba a yi walƙiya ba. Tsiron yana nan inda yake. Amma wani nauyi da na daɗe ina ɗauke da shi a ƙirji ya sauka, har na ji yunwa. Na cinye tuwon da Mama ta ajiye wa mutum uku.

Na koma wurin likita na amince. Aka yi aikin lafiya. Sannan aka shiga makonnin shiru, kuma a nan ne na san Ubangiji yana da ban dariya. Saratu ta ba ni cokali da kofin silba in riƙa bugawa in ina son wani abu, amma sai ta ga dama take ji. Ta ba ni labarin duk abin da ta so faɗa tun shekarar da muka yi aure ban ba ta fili ba. Ashe matata tana da labarai masu daɗi! Ashe tana da ra'ayi a kan siyasa! A coci kuma na zauna a baya, karo na farko na ji yadda addu'ar sauran jama'a take. Wata gwauruwa da take zama kusa da ni, a hankali take ambaton sunayen marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya, sai na ji nawa a ciki. Da ina ihu, da ban taɓa sani ba.

Kowace safiya in na ji hannuna yana so ya tafi wuya ya gwada, sai in tuna tukwanen Mama, in mai da shi kan gwiwa, in ce na gode a zuciya.

Sakamakon gwaji ya fito: ba daji ba ne. Yabo ga Ubangiji! Saratu ta yi rawa a barandar asibiti har wata nas ta taya ta. Da lokaci ya yi, likita ya ce in gwada fitar da sauti a hankali. Abin da ya fito kamar ƙarar tsohuwar ƙofar da ta shekara ba a buɗe ba, amma sauti ne. Ya ce in riƙa magana kaɗan-kaɗan, kamar mai zuba gishiri a miya.

Ranar aure ta zo. Coci ya cika har waje, Malam Sani ma ya rufe teburinsa ya zo ya tsaya a bakin taga da sabuwar hula. Yohanna yana zaune kusa da ni, ya gyara babbar rigarsa, a shirye yake ko da za a buƙace shi. Fasto ya dubi jama'a ya yi tambayar. Na ɗora hannu a kan gwiwar ƙanena, na miƙe. Rifkatu ta juyo tana kallona ta cikin mayafi.

Abin da ban taɓa gani ba ya faru. Cocin nan gaba ɗaya ya yi tsit. Masu ganga suka ɗora hannu a kan fata, iyaye mata suka rufe bakin jarirai. Shekara da shekaru mutanen nan suna toshe kunne saboda ni, yau ga su sun miƙa wuya don su ji ni.

Na ce, "Ni ne. Ni mahaifinta."

'Yar ƙaramar murya ce, a dishe, tana rawa fiye da ta duk iyayen da na taɓa yi wa ba'a. Amma ta kai har bencin ƙarshe. Daga can baya Mama ta rangaɗa guɗa, tsohuwar da ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, guɗar da na tabbata an ji ta a Ushafa. Rifkatu ta bar angonta a tsaye ta zo ta rungume ni, kwalliyarta duk ta zube a kafaɗar rigata. Wannan karon ba da dariya na zubar da ita ba.

Yau muryata ta dawo, sai dai ba ta kai ta da ba, kuma ban nemi ta kai ba. Na koma aikin biki jefi-jefi, amma yanzu in aka ɗauke wuta, a tayar da janareta kamar kowa. Ban ce kada a ɗaga murya a addu'a ba, in farin ciki ya cika ka, ɗaga ta. Ni ma ina ɗagawa daidai yadda likita da Saratu suka yarda. Abin da na koya shi ne, Ubanmu ba kurma ba ne.

Ɗan'uwana, 'yar'uwata, wataƙila akwai abin da ka daɗe kana roƙo har maƙogwaronka ya bushe. Ya ji ka tun ranar farko. Duba da kyau, kada ya zama amsar tana tsaye a ƙofarka cikin kayan da ba ka zata ba. Buɗe hannunka, ka ce na gode tun ba ka gani ba, ka dogara gare shi.

Godiya ta tabbata ga Yesu, wanda ya ji ni a ranar da ni kaina ban ji kaina ba. Amin.