Kwalbar Lemo a Hanyar Jajimaji

Salama a gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Sunana Rahila. Yawancinku fuskata kawai kuka sani, domin a bencin baya nake zama, da an tashi kuma na fice. Ku yi haƙuri da muryata, ba ta saba da taro ba.

Gidanmu a Nguru yake. Babana tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, dattijo a ikilisiyarmu, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba. Ina sakandare ciwon sukari ya kama shi. Ya rame, ruwa ba ya kashe masa ƙishirwa, tururuwa kuma tana taruwa a inda ya kama ruwa. Aka fara da ƙwayoyi, daga baya aka koma allurar insulin safe da yamma. Da yake wuta ba ta zama, a cikin tulu muke ajiye kwalbar maganin, mu binne ta a jiƙaƙƙen yashi saboda zafin Nguru.

Bayan rasuwar Mama, Gwaggo Laraba, yayar Baba, ta dawo gidanmu. Ita ma gwauruwa ce. Mijinta, Malam Bulus, da wannan ciwon ya tafi, don haka ta shigo da yaƙi. A wurinta magana ɗaya ce: zaƙi ne ciwon, ɗaci ne magani. Shuwaka, ganyen darbejiya, sassaƙen maɗaci, kullum akwai abin da ke jiƙe a gora. Ta kori sukari da zuma daga gidan. Ko dabinon da maƙwabcinmu Alhaji yake aiko mana da azumi, ta bayan gida take fitar da shi.

"Na binne miji," take cewa, "ba zan binne ƙane ba."

Ni kuwa na zo nan Gashuwa karatun ilimin halittu. A nan na koyi cewa tuwon da muke ci, da shinkafa, da kunu, duk narkewa suke yi su zama wani sukari da ake kira gulukos. Jini ne ke kai shi ko'ina a jiki, insulin kuma shi ke buɗe masa hanya ya shiga tsoka. In ya yi yawa a jini, a hankali yake cin ido da ƙoda da ƙafa. Amma in ya yi ƙasa sosai, ba a hankali ba ne. Ƙwaƙwalwa ba ta da rumbun ajiya, abin da jini ya kawo mata yanzu shi take ci. In ya yanke, mutum ya rikice, ya suma, yana iya tafiya. Na karanta wannan, na ci jarrabawa da shi. Ban taɓa zaton zan gan shi da idona ba.

Da bazara ƙafafun Baba suka fara kumbura. Ku mutanen Gashuwa kun san abin da ke faɗo wa mutum a rai in ya ga ƙafa ta kumbura: ciwon ƙoda. Aka ce ya zo asibiti a nan a gwada jininsa, kada ya ci komai kafin ya zo. Suka taso da Gwaggo da sassafe, na tarye su. Layi ya yi tsawo, rana ta take kafin a ɗebi jinin.

A tasha Baba ya ce yana jin yunwa. Abin da ke kusa fanke ne da alewa da lemo. Gwaggo ta ce, "Daure, Yakubu. Akwai tuwon alkama a gida." Ya daure. Na shiga motar Nguru tare da su don in raka su gida.

Mun yi nisa kaɗan sai na ga gumi yana zubo masa, rigarsa ta jiƙe sharkaf, amma fatarsa sanyi ƙalau. Hannunsa yana rawa. Can sai ya buga kujerar gaba.

"Kai direba, ɗan banza, sauke ni! Ina za ka kai ni?"

'Yan'uwa, Babana ne fa! Direba ya waiwayo ya ce, "Ni kuma, Baba? Me na yi maka?"

Baba ya ci gaba da zagi, kalmomin suna harɗewa a bakinsa. Wata mata ta janye ɗanta ta ce iska ce ta buge shi. Wani dattijo mai carbi ya fara karanta addu'a yana tofa masa. Gwaggo ta dafa kansa tana kiran sunan Yesu, da ɗaya hannun kuma tana zaro gorar maɗaci daga jaka.

"Sukarin ne ya hau kansa," ta ce. "Haka Bulus ya yi. Riƙe min haɓarsa."

Na ce a hankali, "Gwaggo, ya yi allura da safe?"

"Ya yi mana. Ni na tono masa ita daga tulu. Ya taɓa fashi ne?"

Allura ta shiga, abinci bai shiga ba. Ba hawa sukarin ya yi ba, ƙarewa yake yi.

Na sani, amma bakina ya ƙi buɗuwa. Ni da ko a aji ba na iya ɗaga hannu, yaya zan ce wa Gwaggo ta yi kuskure a gaban mota cike da manya? Kuma ba mu da na'urar gwaji a hannu. In na ba shi zaƙi ya mutu fa? Har abada ni ce yarinyar da ta kashe ubanta da lemo. Kan Baba ya fara langaɓewa, zagin ma ya koma gurnani.

Na rufe ido. Ba doguwar addu'a na yi ba. Na ce, "Yesu, ka san ba ni da baki. Ka ba ni aron naka."

Sai na ji wata murya ta cika motar: "Direba, tsaya!" Ashe tawa ce.

Muna shiga Jajimaji ke nan. Ya taka birki. Wata Hajiya Babarbariya da ke gefena, mai sayar da turaren wuta, ta dube ni ta ce, "Yarinya, me kike so?"

"Lemo, Hajiya. Mai zaƙi sosai."

Ba ta tambaye ni dalili ba. Ta leƙa ta taga ta ƙwala wa mai shago kira, kafin ka ce me kwalba tana hannuna. Gwaggo ta cafke ni a wuyan hannu, farcenta ya shige ni.

"Rahila, kin haukace? Guba za ki ba shi? Ubanki ne fa!"

"Gwaggo, don Allah ki sake ni."

"Ba zan sake ki ba! Karatun da aka tura ki ke nan?"

Hajiya ta ɗora hannunta a kan na Gwaggo ta ce, "Baiwar Allah, naki ɗacin yana nan, ba gudu zai yi ba. Bar ta ta gwada nata."

Na kira sunan Baba, ya buɗe ido da ƙyar. Na duba na ga yana iya haɗiya, domin da ya riga ya suma, ɗura masa abu shaƙe shi zai yi. Na ɗiga masa kaɗan, ya furzar, ya kira ni da sunan Mama. Na sake ba shi. Ya haɗiya. Kurɓi bayan kurɓi, har kwalbar ta yi rabi. Motar ta yi tsit, sai kukan Gwaggo da ƙarar carbin dattijon nan.

Ban san tsawon lokacin da muka jira ba. Na dai ga rawar hannun ta lafa. Idonsa ya dawo, ya tsaya a kaina.

"Rahila, ina muke? Wa ya jiƙa min riga?"

Yabo ga Ubangiji! Haleluya!

Direba ya ce, "Baba, ai ka wanke ni tas, har kakana ba ka bari ba." Baba ya kama baki ya shiga ba shi haƙuri, motar ta ɗauki dariya. Hajiya ta ce alhamdu lillahi, ta gutsuro masa burodi.

Gwaggo ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Muka isa Nguru. Da yamma na same ta tsugune a gaban tulun, tana yayyafa wa yashin ruwa. Ba ta ɗago ba ta ce, "Rahila, Bulus ya sha ƙwayarsa ranar da ya rasu. Zazzaɓi ya hana shi cin abinci. Ya yi gumi, ya zage ni. Na ɗura masa maɗaci, ya yi barci, na ce sauƙi ne. Da na ba shi sukari fa?"

Na ce, "Ban sani ba, Gwaggo. Allah ne ya sani." Na tsuguna kusa da ita, muka yi kuka tare.

Ba zan yi muku ƙarya a gaban Allah ba: Baba bai warke ba. Sakamakon ya fito, ƙodarsa ta taɓu, idonsa ɗaya kuma yana dushewa. Likita ya gyara masa allurar, ya ce duk ranar da za a yi gwaji ba ci, a fara tambaya kafin a yi ta. Muna cikin wannan hanya, ba mu san tsawonta ba. Amma Babana bai mutu a bayan mota yana zagin mutane ba. Ranar Lahadin da ta wuce shi ya yi addu'ar rufewa a ikilisiyarmu.

Gwaggo har yanzu tana jiƙa shuwakarta. Sai dai in kun gan ta tafe a bayan Baba, ku dubi haɓar zaninta. Akwai ƙulli a wurin. Ƙwayoyin sukari ne, ba ta fita sai da su.

Na gode wa Yesu da ya buɗe bakina ranar da shiruna zai zama ajalin ubana. In kuna da mai wannan ciwo a gida, ku koyi alamun faɗuwar sukari kamar yadda kuka san na hawansa. Ku dogara ga Ubangiji, yana jin addu'ar da ko na kusa da kai bai ji ba. Ku sa Baba a addu'a. Ku sa Gwaggo ma. Amin.