Yadda Baffa Ari Ya Rasa Idonsa

Salamu alaikum mai gabatarwa, Allah ya ƙara wa muryarka lafiya. Tsohonku ne daga Gure.

Tun ina yaro nake jin wai mahaifina ne ya makantar da ƙanensa, Baffa Ari. Ban yarda ba, har na fasa wa wani baki a kasuwar Kelle.

Kafin yaƙin duniya na biyu Baffa ya je fatauci kudu, ya kamu da ciwon barci, aka yi masa allurai a can. Da ya dawo da sauran jiki, mahaifina ya kai shi wurin lokotoro, wato likita. Lokotoro ya ce, "An taɓa yi masa allura?"

To mu, ko ka ƙoshi, ba ka gaya wa mai masauki ka ci a wani gida. Mahaifina ya ce, "Ranka ya daɗe, kai ne na farko."

Sai aka sake yi masa allurai, magani ya hau kan magani. Barcin ya tafi, ido ya bi shi.

Jama'a, kada ku ɓoye wa likita komai. Ni kuma ku ba ni shawara: wanda na buga ya rasu, wa zan roƙa gafara? Don wanda ya tabbatar mini da zancen daga ƙarshe, yana hawaye, mahaifina ne, Malam Kyari.