Ragon Gogo Hansai

A tashar Jimeta, shekarar da aka gama yaƙin basasa, Gogo Hansai tana jiran motar Numan riƙe da igiyar rago. Wani mai farar taguwa da gicciye a wuya sai kallon ragon yake, ita kuwa tana harararsa.

"Gogo, suna za a je?"

"Wa ya aiko ka?"

"Ba kowa. Bitrus nake, malamin makarantar mishan."

"Mishan? To, jikana za a yi wa baftisma gobe. 'Yata ce ta auri ɗanku."

"Baftisma da rago? Mu ruwa muke zubawa."

"Ku zuba ruwanku. Nama ne na baƙi."

"Na baƙi? Ai na ga askar wanzami a bakin ƙunshinki. Fasto ya sani?"

Gogo ta ja zane ta rufe ƙunshin. A ranta ta ce wannan ɗan leƙen asirin surukanta ne, ba shakka.

"Je ka faɗa musu! Jinina ba zai tashi ba a yanka masa ko akuya ba. Da asuba zan raɗa masa suna a kunne, ko an so ko an ƙi."

Malamin ya waiwaya hagu da dama, ya rage murya.

"Kada ki yanka a cikin gida. Bayan gari, bakin kogi. Can kakata ta yanka nawa."

Gogo ta daina harararsa.

"Wane suna ta raɗa maka?"

"Haladu."

"To, Haladu, riƙe mini igiyar nan in yi alwala."