Yajin da Baba Bai Ji Ba

A wani kanti cikin kasuwar Tanut, wani dattijo ya buɗe ledar yaji ta uku, ya lasa. Wata mata da ta zo sayen gishiri tana kallonsa.

"Wannan ma lami ne," in ji shi. "Mai citta lami, mai tafarnuwa lami. Ƙasa suke daka mana yanzu."

"Baba, miƙo in ji." Ta ɗanɗana, idonta ya kawo ruwa. "Wai! Wannan ai wuta ne."

"Shi nake nema. Wata biyu ke nan ba na cinye tuwon matata Anna. Ta ɗauka hannunta ne ya lalace, har kuka take yi a ɓoye."

"Ka yi ciwo kafin nan?"

"Zazzaɓi ne, ya wuce."

"Shayi fa, kana jin zaƙinsa?"

Dattijon ya dubi ledar da ke hannunsa.

"Ba na ji, ɗiyata. Ban faɗa wa kowa ba."

"Ajiye ledar nan, Baba. Za ka ga likita, amma ita za ka fara gaya wa."

Ya ɗauki sandarsa.

"Bari in je tun ba ta ɗora tukunya ba."